Dutsen Akwati na Arba'in

Mai gadin kamfanin neman ma'adinai ba shi da wanda zai bar wa 'yarsa, don haka tare suke kwana a rumfar duwatsun da inji ke zarowa daga ƙarƙashin ƙasa. Mulmulallu ne kamar taɓarya, an jera su a akwatuna bisa zurfinsu. In guntu ɗaya ya ɓata, aikinsa ya tafi.

Wani dare wata tsohuwa ta shigo tana warin tsohuwar rijiya. Ko sallama babu, ta ɗauki dutse a akwati na arba'in.

"Ke iya, ajiye!" in ji mai gadi. "Itacen girki aka ce miki? Masu digiri ma da izini suke taɓawa."

Ta ja tsaki. "Masu digirin banza! Su huda mutum yana barci, su rubuta masa lamba."

Ya haska tocila zai ƙwace, sai hasken ya ratsa kafaɗarta ta wani rami daidai kaurin dutsen, ya sauka a bango.

"Baba, bar mata," in ji yarinyar, ta riƙe hannunsa. Ta gane ba sata tsohuwar ta zo yi ba, naman jikinta ta zo karɓa.