Maharbi Ba Sulke

"Wallahi in ka ƙara sa maki a ƙarfin damtse sai na yaga takardar nan!"

Dogo ya ajiye fensir a kan kantar shagon maganin da yake aiki, ya zuba mini ido. "Haba Auta... namiji ba ƙarfi?"

"Maharbi muke ginawa, ba ɗan dako ba! Zafin hannu da kaifin ido, nan za ka zuba makinka. Ka ɗauki dogon baka, ka ɗauki baiwar harbin nesa. Sauran kuma ka sa a saurin ƙafa."

"Sulke fa?"

"Nauyi zai yi maka. Maharbin da ya bari aka taɓa shi ai ya riga ya yi asara. Ka hau tudu, ka tsaya a baya, ka fara da wanda ya fi haɗari. Shi ke nan!"

"Wato in yi nesa da ke."

"Don Allah masoyi, ba lokacin wasa ba ne..."

Wasan ne kuwa, amma aurena ke rataye a jikinsa. A gidanmu duk Asabar muna zama a tebur, kowa da jaruminsa a takarda. Mutum ɗaya ke ba da labari, ɗan lido mai fuska ashirin kuma shi ke yanke hukunci: in ka jefa babbar lamba ka yi nasara, in ƙarama ce ka sha kashi. Baba ne ya koya mana. Da ya rasu Yaya ya gaji ba da labarin, ya kuma gaji ba da aurena.

Tun da Yaya ya ji Dogo ya samu sabon aiki a wani gari mai nisa ya sha mur. "Wa zai zauna da Umma?" Iyakar abin da yake cewa ke nan. Na yi kuka, na yi gaba da abinci, ko a jikinsa. Daga ƙarshe ya ce, "Ki kawo shi tebur. A nan ake ganin halin mutum."

Shi ya sa na zaɓa masa maharbi. Sabon shiga a baya ya fi daɗewa da rai.

Ranar Asabar bayan la'asar muka zauna. Yaya ya kafa kwalin da yake ɓoye taswirarsa a baya, ya karɓi takardar Dogo ya duba sama da ƙasa.

"Babu sulke?"

"Babu, Yaya."

"Hmm."

Wannan "hmm" ɗin bai yi mini daɗi ba ko kaɗan.

Da farko abin ya tafi lafiya, labarin ya kai mu cikin wani kogon dodanni. Umma da jarumarta mai garkuwa a gaba, ni da mai warkarwata a tsakiya, Dogo a kan dutse yana sakin kibau. Bawan Allah ya riƙe karatuna tsaf! Ya kashe mai busa ƙahon dodanni kafin ya kira 'yan'uwansa, har Umma ta tafa masa. Yaya ko murmushi bai yi ba.

Can sai ya gyara zama.

"Kogon yana rushewa. Auta da maharbi kuna bakin ƙofa, hanya a buɗe take. Umma tana can ciki, dodanni sun yi mata zobe." Ya ɗago ya kafe Dogo da ido. "Malam, ga ta nan kusa da kai. Ɗauke ta ku tafi mana. Ba abin da ka zo yi ke nan ba?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Yaya, wannan ba adalci..."

"Ba da ke nake ba."

Dogo ya dubi takardarsa. "Kibiyata za ta kai wurin Umma daga nan?"

"Za ta kai!" na yi caraf. "Yana da harbin nesa, duba takardar!"

"To na tsaya a ƙofar, zan harba."

Ya jefa ɗan lido. Uku! Ya sake jefawa. Biyar! Innalillahi... duk ginin da na yi, ɗan lido ya watsa mini ƙasa a ido.

"Kibau sun ƙare," in ji Yaya. "Ƙofa ta kusa toshewa."

Dogo ya share zufa. "Na tura Auta waje. Na ajiye baka, na koma ciki."

"Ka haukace?" Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. "Ba ka da sulke! Ba ka da ƙarfi! Bugu biyu ka mutu!"

"Na sani, zumata. Ke kika gina shi."

Bugu biyun kuwa aka yi. Yaya ya jefa a bayan kwali, ya sake jefawa, ya ce a hankali, "Maharbi ya faɗi."

Hawaye suka wanke mini fuska. Haushin Dogo nake ji, haushin kaina nake ji da na hana shi sulken, ga son sa kamar ya fasa mini ƙirji.

"A wasa kowa jarumi ne," in ji Yaya, yana tattara 'yan lido. "A zahiri mota za ka sa ta a ciki, Umma ta zauna tana kallon bango."

"Kai, Babban Yaya." Umma ta cire tabarau ta ajiye. Ba ta kiransa haka sai magana ta kai magana. "Ka daina fakewa da ni. Yaushe na ce maka ina tsoron kaɗaici? Ni ma nesa aka kawo ni, ban mutu ba. Kai ne ba ka iya rabuwa da ita."

"Umma..."

"Kai ka goya ta ranar da aka fita da mahaifinku. Kai ka kai ta makaranta, kai ka yi jinyarta. Ka yi, Allah ya yi maka albarka. Amma riƙo ba mallaka ba ne, ɗana."

Yaya ya saki 'yan lidon a kan tebur. Mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na girgiza.

Na zagaya na durƙusa a gefensa. "Yayana... wallahi in ka ce a'a, na haƙura. Zan yi ta kuka, amma na haƙura."

Da gaske nake, kuma Dogo ya ji. Ya runtse ido.

Yaya ya ɗago. Idanunsa jawur, muryarsa a dashe.

"Malam."

"Na'am, Yaya."

"Ba ta iya barci in ba a bar mata fitila a kunne ba. In ta yi fushi ba ta cin abinci, sai an lallashe ta. Tana da baki, amma ba ta riƙo." Ya ɗora hannu a kaina. "Ka turo manyanka. Ka kula mini da ita, don ita kaɗai gare ni."