Masu Jiran Bincike a Santa Eduviges

Lokacin da zinariya ke fita a Santa Eduviges, ni ne mai tsaron ƙofar ramin haƙarta. Ba ma'aikacin da zai tafi gida sai ya ɗaga hannuwa na lalube shi, ya buɗe baki na leƙa. A wancan zamanin garin ko barci ba ya yi. Da ruwa ya cinye ramin da mutanen ciki, kamfani ya kwashe kayansa, kowa ya watse.

Bara na koma da alfadarina in ɓalle kwanon rufi. Duhu ya riske ni a tsohuwar ƙofar, wadda ginshiƙi ɗaya ya rage mata. Alfadarin ya toge.

Wani mutum na tsaye daga ciki, hannuwa sama. Ruwa na ɗiga daga rigarsa, alhali rabonmu da ruwan sama wata da watanni.

Ya ce, "Haba Don Eulalio, ka shanya mu! Yi sauri, waken Domitila zai huce."

Na ce, "Bawan Allah, ai babu ƙofa yanzu. Wuce abinka."

"In wuce ba bincike, a ce ni Tiburcio ɓarawo ne?"

Da ni aka ɗauki akwatin gawa na Tiburcio zuwa maƙabarta, ba komai a ciki sai hularsa. Matarsa Domitila ma ta daɗe a kabari.

Ya buɗe baki in leƙa. Laka ce cike har maƙogwaro. Sai a lokacin na hango na bayansa, layi guda har cikin bakin ramin, kowa hannuwa sama.