Jinin Gidan Su Hisham

Malam Dabo ya dawo daga kasuwar Bodija, ko ƙasar doya bai kakkaɓe daga rigarsa ba, ya ce a mayar wa Hisham kayan na-gani-ina-so.

'Yarsa Safiyatu ta tare ƙofar ɗaki, idonta jajur.

"Baba, me ya yi?"

Ya gaya mata abin da ƙanensa Mijinyawa ya jiyo da aka tura shi bincike unguwar Ojoo, inda su Hisham ke haya. Tsohuwar Bayarbiya mai gidan ta ce mazan nan, daga kaka har uba, jininsu tafasa yake. Shi kuwa bai haifi 'yar da zai miƙa wa masu zafin zuciya su yi ta jibga ba.

Safiyatu ta tambaya ko "eje riru" tsohuwar ta ce. Ya ce ƙwarai, haka Mijinyawa ya maimaita.

"Hawan jini ke nan da Yarbanci, Baba! Kawu da Yarbancinsa na cinikin albasa zai raba ni da masoyina?"

Maimakon ran Malam Dabo ya yi sanyi, sai ya ƙara ɓaci. Ya tuna uban Hisham ko furfura bai yi ba ya yanke jiki ya faɗi a tasha, bai sake tashi ba. Likita kuma ya taɓa gaya masa ciwon nan kan iya bin jinin maza, daga uba zuwa ɗa. Ya ce gara ma dukan, ana iya kai ƙara. Takaba fa, wa za a kai ƙara?

"Kakana me ya kashe shi, ba hawan jinin ba?" in ji Safiyatu. "Kai da kanka kullum sai ka haɗiyi ƙwaya. Da haka aka hana ka auren Inno... da ni yanzu ina ina?"

Ya ɗaga hannu kamar zai nuna ta, ya sauke. Ya daɗe yana huci kafin ya fizgi wayarsa ya kira Hisham. Ko gaisuwar yaron bai amsa ba, ya ce gobe ya zo su je asibiti tare a auna shi a gabansa, kuma in ya sake ganinsa wajen mai tsire, ya kuka da kansa.

Ya juyo kan Safiyatu, fuska a murtuke.

"Ke kuma ki rage wannan gishirin naki na hauka. Ba za ki kashe min suruki ba."