Ɗingishi a Cikin Faifai

Ranar da Gurnani ya fara ganinta, lasifikarsa ce ta ƙone. Ya rungumo ta zuwa shagon gyara, ya tarar da wata budurwa riƙe da ƙarfen dalma, tana duban cikin wata rediyo kamar likitan da ya riga ya san mara lafiya ba zai tashi ba.

"Ina mai gyaran?"

"Ya mutu. Ni ce 'yarsa. Ajiye a can."

Gurnani makaɗin jitar bas ne, mai kaurin sauti, wato mutumin da ke tsayawa can baya a wajen biki, wanda ba a sanin yana nan sai ya daina. Abokan kiɗansa ne suka laƙaba masa sunan. Yana sunkuyawa zai ajiye lasifikar ya hango akwatin tsofaffin fayafayan garmaho a ƙarƙashin tebur, na wata ƙungiya da aka yi yayinta kafin a haife shi.

"Na sayarwa ne?"

"A'a. Amma ina ba da aro, ɗaya-ɗaya. In ka karce min, kar ka dawo."

Ya dawo. Lasifikar kuwa ta shiga lalacewa akai-akai, abin da ilimin lantarki bai iya bayyanawa ba. Ya sa mata suna Allura, domin a cewarsa ita ce ke taɓa shi ya yi magana, kamar allurar garmaho da faifai. Ta ce ta ji maganganun banza da yawa a shagon nan, amma wannan ta yi fice. Duk faifan da ya saurara sai ya aiko mata da sharhi.

"Allurata, na gama na farko. Mawaƙin yana kuka kamar an taka masa yatsa, amma na yafe masa. Na tuna ki a waƙa ta biyu."

"Wadda ake zagin mai baƙin hali?"

"Ita."

A kan wani faifai mai koren bango ya yi ɓarin baki.

"Wannan mai bas ɗin nasu fa? Kullum a makare yake. Bugu ɗaya daidai, na biyu yana jan ƙafa. Ko a hoto gwiwar hannunsa kawai ta fito, kuma ta ishe shi."

Amsa ba ta zo ba. Da ya je shago ya tarar da wani likitan haƙori ya zo zance wurinta, zaune a kan bencin da shi Gurnani ya saba zama, yana murmushi da kayan sana'arsa duka a waje. Allura ta karɓi faifan, ta goge shi da gefen mayafinta.

"Gwiwar hannun Babana ce," ta ce. "Mota ta taɓa buge shi. Da gurguwar ƙafar yake ƙirga kiɗa."

Gurnani ya nemi ƙasa ta tsage, ƙasa ta ƙi. Sai ya roƙi a sake ba shi faifan.

A ɗakinsa ya rage muryar mawaƙi, ya bar ƙasan kiɗan kaɗai. Sai ya ji. Mutum ne ke tafiya. Taku ɗaya mai ƙarfi, ɗaya ana jansa, daga wannan bango zuwa wancan, yana matsowa bai iso ba. Gurnani ya waiga ƙofa.

"Na ji shi," ya rubuta mata. "Ba makara yake ba. Gida yake tahowa. Ki yafe min."

"Na yafe. Likitan ma ya tafi. Ya ce haƙorina na gaba ya karkace."

Saura Mama, mahaifiyar Allura. Gidansu na bayan shagon, ƙofa ɗaya ce tsakani. Tun rasuwar mijinta ta lulluɓe garmaho da zane, ta ɗora masa tukunyar fure. Da Allura ta kai mata zancen aurensu, ba ta ko ɗago daga tsintar shinkafa ba.

"Makaɗi? Na auri guda, ya ishi zuri'a. Sai su cika miki gida da sauti, su tafi su bar ki da shiru."

Gurnani kuma wata matsala ta same shi. Ya yi ta bin kiɗan marigayin har ɗingishin ya shige masa yatsu. A wajen aiki mai ganga ya fara harararsa. Shugaban ƙungiya ya ce in tsufa yake ji ya faɗa, a nemo yaro. Ya yi ƙoƙarin miƙe bugun, hannu ya ƙi. Ko a titi ya kan tsinci kansa yana jan ƙafar hagu.

Wata yamma ya zo gwada lasifikar da Allura ta gyara a karo na babu adadi. Ya ja tsirkiya. Bai yi niyya ba, kiɗan ne ya fito da kansa, ya bi ta siminti ya shige gida.

Ƙofar baya ta buɗe. Mama ce, hannunta da kumfar sabulu, ɗankwali a karkace, fuskarta ta koma ta yarinya. Ta dubi bakin shago, tsayin kafaɗar wani mutum da ba ya nan. Sannan ta sauke ido kan Gurnani, fuskar ta tsufa a gabansu.

"Wa ya ba ka tafiyarsa?"

"Mama, wallahi ban ɗauka da gangan ba. Na kasa ajiyewa ne."

Kumfar na ɗiga a ƙasa.

"Ajiye jitar. Taka daga nan zuwa titi ka dawo."

Ya taka, yana ɗingishi.

"Ƙafarka lafiya lau take, ɗan nan. Ba zan ba da 'yata ga mijina ba. Sake."

Ya sake. Allura ta fita ta tsaya a bakin titi, ta harɗe hannu.

"Gurnani, ni za ka zo wa, ba kabari ba. Taho."

Ya taho da sauri har yana tuntuɓe da wayar wuta, tafiya mara kyan gani, amma tasa.

"To," in ji Mama. "Wannan za ka riƙa kaɗawa. Waccan tawa ce, ka bar min abata."

Aka yi biki. Abokansa suka yi kiɗa ba tare da shi ba, kuma a karon farko mutane suka lura babu bas, har wata gwaggo ta ce kiɗan kamar miya ba gishiri. Mama ta dafa kawunan ango da amarya.

"Allah Ya yi muku albarka. Ya sa ku tsufa tare, kowa da ƙafarsa. In ɗaya zai riga ɗaya, Allah Ya sa da tazara kaɗan."

Washegari da hantsi suka zo gaishe ta. Tukunyar fure na ƙasa, zanen a ninke. Tun daga shago suka ji takun, ɗaya mai ƙarfi, ɗaya ana jansa. Mama na zaune da kofin shayi biyu, ta bar ƙofa a buɗe.

Allura ta kama hannun mijinta, suka jira a waje har faifan ya ƙare.