Guɗar Kaka a Filin Jirgi

A wani zamani da bai yi nisa can ba, tunda har an ƙera jirgin sama, an yi wata tsohuwa mai guɗa a gidajen biki. Ran nan tafiya ta kama ta da jikarta 'yar shekara biyar. Da isarsu filin jirgi ta ce, "Ke 'yar nan, in kin neme ni kin rasa, tsaya inda kike."

Yarinya ta shagala da kallon jirage. Ko da ta waiwaya, babu Kaka, sai ƙafafu da akwatuna. Idonta ya cika da ƙwalla, amma ta tsaya.

Wata mata ta ce, "Zo mu nemo mamarki."

Ta ce, "Kaka ta ce in tsaya inda nake."

Wani ya nuno mata alewa, ya ce, "Biyo ni ki karɓa."

Yawunta ya tsinke, amma ta ce, "Kaka ta ce in tsaya inda nake."

Ana ta kiran fasinjoji, jirginsu na shirin tashi. Can sai aka ji, "Ayyururui!" Wuri ya yi tsit. Wani ɗan dako ya ce, "Ina amaryar?"

Yarinya ta daka tsalle. "Kaka! Ga ni nan!"

Kaka ta ratso mutane ta sure ta. "Ashe kunnen nan naki ba na ado ba ne!"

Su ne na ƙarshen shiga jirgi. A bakin ƙofa Kaka ta sake rangaɗa wata guɗar, wannan karon ta jikarta ce.