Dutsen Zoben Auta

Tun ranar da Auta ta shigo gida da zobe a yatsa, falon Umma bai sake samun sakat ba. Auta ita ce ƙaramar gidan, nas ce a ɗakin haihuwa, kuma wanda ya saka mata zoben shi ne Injiniya, saurayin da ta daɗe tana so, bayan manya sun gama magana an tsayar da ranar aure. Zoben zinare ne siriri, da ɗan lu'u-lu'u da bai fi ƙwayar shinkafa ba, an binne shi a jikin zoben har ba ya tasowa ko kaɗan. Ita dai Auta ya yi mata. Ko wanke-wanke take sai ta tsaya ta juya hannu ta yi murmushi ita kaɗai.

Sai ga Gwaggo ta sauka. Gwaggo yayar mahaifinsu ce, ta yi zaman aure shekara da shekaru a wani babban birnin 'yan kasuwa, kuma mace ce da idan ta shigo ɗaki sai kowa ya gyara zama. Ta kama hannun Auta, ta cire tabarau, ta mayar, ta karkata yatsan wajen taga.

"Zoben na gani. Ina dutsen?"

Yaya, babbar 'yar gidan, wadda nata dutsen yake haskawa tun daga bakin ƙofa, ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. Ta ce ai wannan sai an ɗauki hoto an yi zum kafin a gan shi. Umma ta harare ta, amma Umma ba mai tanka wa dangin miji ba ce, sai ta tashi ta shige kicin.

Daga ranar Gwaggo ta sa Auta a gaba. Ta ce a birnin da ta zauna, dutsen da nauyinsa bai kai karat biyu ba na 'yan makaranta ne, mata kuma yatsa suke fara kallo kafin su amsa gaisuwa. Ta ce ita da kanta an taɓa yi mata dariya a taro tana amarya, har yau idan ta tuna sai ƙirjinta ya yi zafi, kuma ba za ta zuba ido a yi wa 'yar ƙaninta haka ba. Abin da ya fi cin Auta shi ne ta san Gwaggo ba mugunta take yi ba, sonta take yi tsakani da Allah. Da zagi ne da ta toshe kunne.

Ta kira Injiniya, ta yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta tambaye shi ko a garinsu haka ake yin zobe. Shi mutumin can wani yanki ne mai nisa, aiki ya kawo shi. Ya yi dariya ya ce a wajensu babban dutse ma kunya yake ba mace, sai a ce tana tallan arzikin miji. Ya ƙara da cewa zoben yana da labari, amma mahaifiyarsa tana nan tafe don ta ga amarya, kuma ita ta ce da bakinta za ta faɗa. Auta ta ce to. Da ta tsaya a nan, da ba a kai ga kuka ba.

Amma baki ba ya gajiya. Yaya ta tura hoton zoben a guruf ɗin dangi, aka yi ta zuba dariya da tambayoyi, wata ma ta ce ko dai Injiniyan bai fara karɓar albashi ba ne. Auta ta kwana biyu ba ta cin abincin kirki. Da safiyar wata ranar hutunta Gwaggo ta shigo ɗakinta da wani tsohon abin wuya a tafin hannu, mai dutse ɗaya babba a tsakiya. Ta ce nata ne, shi ta fi so a duk kayanta, ta ba Auta halak malak, a cire dutsen a ɗora a kan zoben. Auta ta buɗe baki za ta ce a'a, ta ga idon Gwaggo ya ciko, sai ta ɗauki mayafi.

Shagon mai gwal ɗan ƙarami ne, a ƙarshen wani layi mai cunkoso. Akwai teburin gilashi, da ƙaramin ma'auni, da fitila mai lanƙwasa wuya, shi kuma dattijo ne mai surutu. Gwaggo ta nemi ya yi mata shaida, ta ce ya faɗa wa yarinyar nan gaskiya, wannan ɗan abin ana kiransa dutse kuwa?

Mai gwal ya saka madubin ido ya duba, ya ɗora a ma'auni bayan ya ciro shi, ya ce bai kai rabin karat ba, amma garau yake kamar ruwan sama. Batun girma kuwa, ya ce shi ya daina yanke hukunci, don masu saye daga ko'ina suke zuwar masa. Akwai mutanen da karat ɗaya a wajensu na kowa da kowa ne, sai an wuce biyu suke ɗaga kai. Akwai waɗanda rabin karat ya ishe su, idan suka ga mai ɗaya sai su ce ya yi yawa. Wasu kuma ba ruwansu da nauyi, tsabtar dutsen suke tambaya da yadda aka yanka shi. Ya ce hatta yatsa yana da nasa, dutse ɗaya ne zai cika siririn yatsa ya ɓace a kan mai kauri.

"To mu a wajenmu ƙarami ne," in ji Gwaggo.

Dattijon bai yi musu ba. Ya dai gargaɗe su cewa babban dutse ba zai binnu ba, sai ya dasa wa zoben ƙafafu huɗu da za su riƙe shi a sama, kuma ko an cire su wata rana gurbinsu ba zai ɓace duka ba. Ya kalli Auta, don ya lura ita ce mai yatsan. Auta ta kalli Gwaggo, ta sunkuyar da kai, ta ce a yi. Ya naɗe mata ƙaramin dutsen a 'yar takarda, ta cusa a can ƙasan jakarta.

A gida aka yi ta guɗa, Yaya har da ɗaukar selfi. A asibiti kuwa, safar hannu ta farko da Auta ta zura sai ji ta yi ɓarat, dutsen ya keta ta. Ta canza wata, ita ma haka. Ga mace tana naƙuda tana kiran sunan Allah, ga babbar nas tana jira. Dole ta zare zoben ta jefa a aljihu, abin da ba ta taɓa yi da shi ba a da. Ta wuni tana taɓa aljihun kada zoben ya faɗi. Injiniya kuma ta riƙa kauce masa, yau ta ce diyuti, gobe ta ce ciwon kai, tana shirya yadda za ta faɗa masa, tana ɗagawa.

Ba ta kai ga faɗa ba mahaifiyarsa ta iso. Mace ce 'yar siririya mai sanyin murya, tsohuwar ungozoma da ta yi ritaya, kowa Mama yake ce mata. Aka yi mata shimfiɗa a falo, Umma tana ta ina-ka-saka. Auta ta so ta cire zoben, Gwaggo ta tsare ta a bakin ƙofa ta ce ai don yau aka yi shi. Ta shigo ta durƙusa ta gaishe ta. Mama ta kamo hannunta da fara'a, tana cewa bari ta ga yadda ya zauna mata.

Fara'ar ta ɗauke. Mama ta daɗe tana kallon yatsan, ta shafa gefen zoben da babban yatsanta kamar mai neman wani abu da ya faɗi. Injiniya, da ke zaune kusa da ƙofa, ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba.

"'Yata, ina na cikinsa?"

Gwaggo ce ta amsa, da murmushinta na mai ganin ta yi abin kirki. Ta ce sun ga an yi ƙoƙari, Allah ya saka, amma kowane gida da matsayinsa, shi ya sa suka ɗan ƙarasa abin da ya rage. Mama ba ta ko kalle ta ba. Auta take kallo, tana jira. Auta kuwa, ga Gwaggo a dama, ga Mama a gaba, ta rasa wadda za ta ba kunya, sai ta yi shiru. Mama ta sake mata hannu a hankali, ta ce wa Umma ta gode da karamci, ta yafa mayafinta. Ko ruwan da aka kawo mata ba ta sha ba.

Da yamma Injiniya ya kira. Muryarsa ba faɗa a ciki, kuma hakan ya fi faɗan ciwo. Ya ce zoben mahaifiyarsa ne, daga yatsanta ta zare ta ba shi, mahaifinsa marigayi ne ya saka mata. Ya ce Mama ta ce a dakata da maganar rana tukuna.

"Ba dutsen ne ya dame ta ba, Auta. Ta tambaye ki, kika bar wata ta amsa. Ni ma kin bar ni na shigo da uwata ban san komai ba."

Ta ce sori, ta ce ya tsaya ya ji, amma ya riga ya ajiye. Auta ta kifa kai a katifa ta yi kuka har muryarta ta dushe. A falo Gwaggo tana cewa in don wannan za su fasa, to dama can ba su shirya ba, Yaya tana taya ta. Sai ga Umma, wadda ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta ce don Allah ya isa haka, 'yarta ce za ta zauna da mutanen nan, ba 'yan guruf ba. 

Washegari Auta ta koma wajen mai gwal ita kaɗai. Ya yanke ƙafafun, ya mayar da ƙaramin dutsen gurbinsa, ya goge iya gogewa, amma kamar yadda ya faɗa, ɗigo huɗu suka rage a kewayen dutsen. Ta kawo wa Gwaggo nata dutsen, ta durƙusa ta ajiye mata a cinya, ta ce ta gode, ta san don ƙauna aka yi, amma auren nata ne kuma zoben da aka ba ta shi take so. Tunda aka haife ta ba ta taɓa mayar wa Gwaggo magana ba sai ranar. Gwaggo ta juya mata baya, ta daina amsa gaisuwarta.

Daga nan ta fara sintiri gidan 'yar'uwar Injiniya, inda Mama ta sauka. Zuwan farko aka ce Mama tana hutawa. Na biyu aka ce ba ta jin daɗi. Auta ba ta yi fushi ba, ba ta kuma aika kowa roƙo ba. Idan ta tashi daga aiki sai ta biya da kayan asibitinta a jiki, ta zauna a kujerar baranda har a kira magariba, ta ba da saƙon gaisuwa ta tafi. A gida ba mai yi mata magana sai Umma, a waya Injiniya gaisuwa kawai. Ta rame har zoben ya fara yi mata yawa.

Ran nan tana zaune sai ƙofa ta buɗe, Mama da kanta ta fito ta zauna kusa da ita. Auta ta zame ƙasa. Ba ta ambaci Gwaggo ba, ba ta ambaci Yaya ba. Ta ce ita ta je shagon da ƙafarta, ita ta ce a yi, don ta ji tsoron dariyar mutane, kuma da aka tambaye ta ta yi shiru don tsoro. Ta zare zoben ta miƙa da hannu biyu, ta ce in Mama ta ga ba ta cancanta ba, ga amanarta.

Mama ta karɓa, ta shafa ɗigon nan huɗu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ba ta labarin da ta zo da shi tun farko. Ta ce lokacin aurenta mijinta yana da halin sayen wanda ya fi wannan, amma ya je ya tsaya a kan maƙeri ya ce a binne dutsen, don matarsa ungozoma ce, kada ya yaga mata safar hannu, kada kuma ya karci jariri. Ta ce da shi a hannunta ta yi aikinta har ta ajiye. Da ɗanta ya ce mata nas ɗin ɗakin haihuwa zai aura, a daren ta zare shi, ta ce ya samu mai shi.

Auta ta tuna safar da ta yage, ta fashe da kuka. Ta ce mai gwal ya ce tabon ba zai fita ba, ta lalata shi.

"Bar shi," in ji Mama, ta kamo yatsan ta mayar da zoben. "Na so in ga ko za ki zo da bakinki, kin kuma zo. Tashi ki shigo ciki, ɗana ya ishe ni da zarya."

Aka yi biki a ranar da aka sa tun farko. Gwaggo ta zo, da abin wuyanta an mayar masa da dutsensa, fuska a ɗaure da farko. Amma da wata ƙawarta ta kama hannun amarya ta ce ina dutsen, Gwaggo ce ta fizge hannun ta ce a garin angon wannan shi ne na manyan mata, wanda bai yi yawo ba ne bai sani ba. Auta da Injiniya suka haɗa ido, kowa ya danne dariyarsa.

'Yan mata, abin da wani gari ya kira babba, wani gari ƙarami yake ce masa, kuma duk wadda ta ce sai ta gamsar da idon kowa, za ta wayi gari ta ɓata wa mai ƙaunarta. Kyauta ana tambayar dalilinta kafin a auna ta, kuskure kuma mai shi ne yake zuwa ya amsa da haƙuri. Auta tana nan a ɗakin haihuwa har yau. Kullum za ta zura safar hannu sai babban yatsanta ya bi ta kan ɗigon nan huɗu, safar kuma ta wuce sumul.