Yarinya Mai Ƙwallon Kaɗanya

Akwai wata yarinya a unguwar Kanvili, a birnin Tamale. Tana aji shida a firamare.

Wata rana Hajiya Mulikatu ta zo makarantarsu. Ma'aikaciyar jinya ce, tana zaga makarantu tana magana a kan tsabta. Duk Tamale an san ta da koren mayafinta.

Hajiya ta tsaya a gaban yara ɗari uku. Ta ɗaga yatsa ɗaya, ta ce, "Ku ba ni kunne ɗaya, ku riƙe ɗayan."

Wuri ya yi tsit. Har mai sayar da koko a bakin ƙofa ta ajiye ludayinta. Yarinyar ta kafa wa Hajiya ido. Ba ta taɓa sanin magana tana da ƙarfi haka ba.

Bayan mako biyu, malamarsu Madam Bashiratu ta ce za a yi gasar jawabi. Wanda ya ci shi zai wakilci makarantar a babbar gasa a Kasalgu.

Yarinyar ta ce a ranta, "Zan zama Hajiya Mulikatu."

Ta ari koren mayafin yayarta. Ta koyi tafiyar Hajiya da muryarta. Ta haddace duk abin da ta ji a bakinta.

Ranar gasa ta hau dandali. Ta ɗaga yatsa, ta ce, "Ku ba ni kunne ɗaya..."

Yara suka ƙarasa mata da ihu, "Ku riƙe ɗayan!"

Aka fashe da dariya. Wani yaro ya ce, "Hajiya ta shiga ruwa ta motse!"

Kunya ta kama ta. Duk abin da ta haddace ya gudu. Ta sauko da hawaye. Wani yaro mai suna Wumpini ya ci gasar, shi ya tafi Kasalgu.

Da aka tashi, Madam Bashiratu ta kira ta.

"Madam, ai komai na yi irin na Hajiya," in ji yarinyar.

"Shi ne kuskuren. Tamale tana da Hajiya Mulikatu tuni. Ke muka zo ji, ba mu gan ki ba."

"Ni ba ni da komai nawa."

"Kina da shi. Je ki gida ki buɗe ido. Ranar taron iyaye zan sake ba ki dama."

A gida ta tarar da mahaifiyarta a tsakar gida, tana buga man kaɗanya a babban kwano. Hannunta ya nutse har gwiwar hannu. Kullum yarinyar tana ganin wannan aiki, amma yau ne ta zauna ta kalla.

Ƙullun baƙi ne kamar laka. Mma tana bugawa, tana yayyafa ruwa. Can sai fari ya fara tasowa sama. Yarinyar ta saki baki.

"Mma, daga ina farin nan ya fito?"

"Yana ciki tun farko. Hannu yake jira."

"Wa ya koya miki?"

"Kakarki. Ita ma uwarta ce ta koya mata. Da man nan aka shafa ki ranar da aka haife ki."

Yarinyar ta ɗauki ƙwallon kaɗanya ɗaya, ta daɗe tana juya shi a tafinta.

Ranar taron iyaye ta sa kayan makarantarta kawai. Ta hau dandali. Ta buɗe hannu, ta nuna ƙwallon.

Ta ce da muryarta, "Wannan ɗan abu ya girme ni aiki."

Mutane suka miƙa wuya.

Ta faɗi yadda mata ke fita tun raɓa ba ta bushe ba su tsinto shi. Ta faɗi yadda ake dafa shi, a shanya, a fasa, a soya, a niƙa. Ta nuna da hannu yadda Mma ke bugawa har fari ya taso.

Ba wanda ya yi tari. Wata tsohuwa tana gyaɗa kai, tana motsa hannunta kamar tana bugawa ita ma.

Yarinyar ta ce, "Hannun da ya yi wannan aiki yana nan a cikinku. Mma, ɗaga mu gani."

Mma ta ɗaga hannu a kunyace. Sai wata mace ta ɗaga nata. Sai wata. Hannaye suka cika wurin, fiye da arba'in. Yarinyar ta tsaya tana kallo, ta ma manta tana kan dandali. Aka yi ta tafi har shugaban makaranta ya miƙe tsaye.

Tun daga ranar, ko a kasuwa aka gan ta sai a ce, "Ga yarinya mai ƙwallon kaɗanya!" Wata makaranta a Dungu ma ta gayyace ta.

Madam Bashiratu ta tambaye ta, "To, me kika koya?"

Ta ce, "Madam, in kana so a tuna da kai, faɗi abin da ka sani, da muryarka. Mai kwaikwayo, wani ake tunawa."